Hasken Haƙori da Wayar Gyara: Kowane Aiki da Lokacinsa

Kaka ta yi, an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, wake da gyaɗa sun shiga kasuwa. Lokacin bukukuwa ke nan a ƙasar Madarunfa, tun daga Jiratawa da Safo har Gabi da Ɗan Isa. Lokacin ne kuma da samari da ƴan mata suke yawan duba madubi, kowa yana son ranar buki in ya yi dariya a ga bakinsa tas.

A zamanin kakanninmu, mace mai kwalliya takan ci goro ta goga furen taba, haƙoranta su yi ja wur, a ce ta yi ado. Yau ido ya sauya. Abin da ake so shi ne haƙori fari kamar madara, a jere kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Shi ya sa hoda da ruwa da man hasken haƙori suka yawaita a teburan ƴan koli, ana kuma tallarsu a cikin salula. Shi ya sa kuma muka fara ganin ƴaƴanmu da suka je karatu Maraɗi ko Yamai ko Kano suna dawowa da siririyar waya a baki, wadda likita ya ɗaura musu domin miƙar da haƙoran da suka hau juna ko suka turo gaba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, ayyukan nan biyu ba su jituwa a lokaci guda. Wanda ya haskaka haƙoransa yau, gobe ya je aka liƙa masa maɓallan waya, yana iya tarar da su suna saki ɗaya bayan ɗaya. Manomi ya san ba a sussuka sai zangarniya ta bushe. Haka ma baki: kowane aiki da lokacinsa.

Yadda haƙori yake

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuwa yana da 32. Kowane haƙori yana da rufi a waje, wanda za mu kira ɓawon haƙori. Babu abin da ya kai wannan ɓawo tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne irin na dutse. Amma duk da taurinsa siriri ne: inda ya fi kauri, a kan turame, bai wuce milimita 2 da rabi ba, a haƙoran gaba kuwa bai kai haka ba. A ƙarƙashinsa akwai jikin haƙori, mai launin ɗorawa-ɗorawa, a can tsakiya kuma akwai jijiya da hanyar jini.

Ga abu guda da ya kamata kowa ya riƙe. Fata in ta yanke takan warke, ƙashi in ya karye yakan haɗe, farce in an yanke yakan tsiro. Ɓawon haƙori in ya zaizaye ya tafi ke nan, jiki ba ya ƙera wani. A kan wannan siririn ɓawo ne ake zuba maganin haske, a kansa ne kuma ake liƙa maɓallin waya.

Ruwa ba ya tsami banza

Haƙori ba ya sauya launi sai da dalili, dalilan kuwa iri biyu ne. Akwai tabon waje, wanda goro da taba da shayi da kofi suke bari a bisa ɓawo. Wannan asuwaki da burushi suna rage shi, likita kuma yana iya kankare kantar da ta daskare ya goge haƙorin ya koma yadda yake.

Akwai kuma tabon ciki, wanda ya shiga haƙori tun yana ginuwa a cikin dasashi, kafin ya fito. Haƙoran girma na gaba suna fara ginuwa tun jariri yana da ƴan watanni, ko da yake sai wajen shekara 6 zuwa 8 suke hudowa. Duk abin da ya ɓata ginin a waɗannan shekaru zai zauna a jikin haƙorin har tsufa. Ɗaya daga cikin masu ɓarnar shi ne maganin tetirasikilin, kafson nan da masu tallar magani suke sayarwa a kasuwannin ƙauye. In mai ciki ta sha, ko aka bai wa yaron da bai kai shekara 8 ba, yana iya rina haƙoran yaron su zama ruwan toka ko ruwan ƙasa. Na biyu shi ne wani sinadari da ake kira fuluwor, idan ya yi yawa a ruwan sha.

Mu mutanen jihar Maraɗi ba labari aka ba mu ba. A Tibirin Gobir, kusa da birnin Maraɗi, jama'a sun yi shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1980 suna shan ruwan fanfo daga wata rijiya mai zurfi. Ruwan garau yake, ba wari, ba gauraye. Sannu a hankali aka ga yara suna tasowa da haƙora ja, wasu kuma ƙafafunsu sun tanƙware. A wajajen 2000 da 2001 magana ta fito fili. Awo ya nuna fuluwor ɗin da ke cikin ruwan ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sau uku zuwa huɗu. Iyakar kuwa ita ce miligram 1,5 a cikin lita guda. An ƙidaya yara fiye da 400 da ƙasusuwansu suka lalace, waɗanda abin ya taɓa wa haƙora kuwa dubbai ne. A shekara ta 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na FIDH da ANDDH suka fitar da rahoto a kan lamarin.

Irin wannan tabo an daɗe da saninsa a duniya. A 1901 wani matashin likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a jihar Kolorado ta Amurka, ya tarar da mutane da yawa haƙoransu da tabo ruwan ƙasa. Sai a 1931 aka tabbatar fuluwor ɗin ruwan sha ne sanadi. Abin mamaki, an lura haƙoran nan masu tabo ba su cika yin kogo ba. Daga nan aka gane cewa fuluwor kamar gishiri yake a miya: kaɗan gyara ne, da yawa ɓarna.

Yaran Tibiri na wancan lokaci yau magidanta ne da matan aure, suna tsakaninmu a kasuwa da gidajen buki. Akwai mai rufe baki da gyale in za ta yi dariya. Wanda bai sani ba yakan zaci ƙazanta ce ko cin goro, alhali kuwa ko za a shekara ana goge wannan haƙori da asuwaki tabon ba zai fita ba, domin ba a waje yake ba. Irin waɗannan bayin Allah su ne mai tallar hodar haske ya fi saurin cin kuɗinsu, su ne kuma suka fi bukatar sanin abin da ke tafe.

Yadda maganin haske yake aiki

Maganin da ke haskaka haƙori da gaske sunansa feroksid. Yawancinmu mun san ɗan uwansa: ruwan nan da ake zuba wa miki a asibiti ya yi ta kumfa. Kumfar nan iskar oksijen ce ke fita. In an shafa feroksid a haƙori, yakan ratsa ɓawo ta ƴan ƙofofin da ido ba ya gani, ya kai har jikin haƙori, ya wargaza abin da ya rina shi. Ba ya shafa wa haƙori fenti, ba ya kuma kankare shi. Launin ciki yake kashewa.

Hanyoyin biyu ne. A ɗakin likita ana amfani da mai ƙarfi, wanda yakan kai kashi 35 cikin 100 ko fiye, bayan an rufe dasashi don kada ya ƙone. A gida kuwa likita yakan ƙera wa mutum wata ƴar roba daidai bakinsa, ya ba shi mai sauƙi, galibi irin da ake kira karbamid feroksid mai kashi 10 cikin 100, ya riƙa kwana da shi har sati biyu ko fiye. Wannan hanya ta gida likitoci biyu na Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana ta ga duniya a 1989. Amma tun a ƙarshen shekarun 1960 wani likitan miƙar da haƙora na jihar Arkansas, William Klusmier, ya riga ya lura da ita. Yana bai wa marasa lafiyarsa maganin don dasashinsu ya warke, sai ya ga haƙoransu suna ƙara fari.

Maganin ba abin wasa ba ne. Yakan sa haƙori ya riƙa tsami in an sha ruwan sanyi, yakan kuma ƙona dasashi in ya zuba a kansa. Don haka a 2011 Tarayyar Turai ta kafa doka: abin da ya wuce kashi 0,1 cikin 100 na feroksid sai ta hannun likitan haƙori, ba a sayar da kayan kwalliyar baki da ya wuce kashi 6, ba a kuma yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mu tambayi kanmu: kwalbar da muke saye a tebur, ba rubutun da za mu iya karantawa, ta yini a rana, wa ya san abin da ke cikinta?

Wani abin lura kuma, feroksid haƙorin halitta kaɗai yake haskakawa. Ba ya taɓa ciko, ba ya taɓa haƙorin roba, balle haƙorin Makka da alhazanmu suke sakowa. Mai ciko a haƙorin gaba in ya yi haske, sai haƙori ya yi fari ciko ya tsaya da tsohon launinsa.

Yadda ake liƙa maɓallin waya

Wayar gyara ba ta kama haƙori kai tsaye. A kan kowane haƙori ana liƙa wani ɗan ƙarfe mai tsaga, bai fi ƙwayar dawa biyu ba, wanda za mu kira maɓalli. Waya takan bi ta cikin tsagar maɓallan, tana tura haƙora a hankali. Ƙarfin turawar kaɗan ne, gram 50 zuwa 100 ko kusa da haka, haƙori kuma yakan gusa kamar milimita guda a wata. Shi ya sa aikin yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye, ana komawa wurin likita bayan kowane sati 4 zuwa 8.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya riga ya ga yadda ake wannan liƙi. In tayar keke ko ta amalanke ta sace, mai faci yakan fito da tub, ya nemo hudar, ya share wurin ya bushe. Sa'an nan ya kankare shi ya yi kaushi, ya shafa gam, ya ɗora faci ya danne. In wurin yana da santsi ko laima, facin ba zai kai gida ba.

Haka likita yake yi. Yakan wanke haƙori, ya shafa masa wani asid na musamman mai kashi 37 cikin 100 na tsawon daƙiƙa 15 zuwa 30, ya ɗauraye, ya busar. Asid ɗin yakan bar dubban ƴan ramuka a fuskar ɓawo. Gam yakan kwarara cikin ramukan, likita ya ɗora maɓalli, ya haska wata fitila mai shuɗin haske, gam ya daskare nan take. Abin da ya daskare cikin ramukan nan ya zama kamar saiwoyi, shi ke riƙe maɓalli. Wani likita mai suna Michael Buonocore ya gano wannan dabara a Amurka a 1955, a 1965 kuma George Newman ya bayyana liƙa maɓallan gyara da ita. Kafin haka sai an sa wa kowane haƙori zoben ƙarfe.

Riƙon da ake bukata ba ƙarami ba ne, domin ba turawar waya kaɗai maɓalli yake ɗauka ba, har da nauyin tauna. Tun a 1975 wani masani mai suna Reynolds ya ƙiyasta cewa liƙi mai kyau ya kamata ya jure nauyin kilo 60 zuwa 80 a kan fili mai faɗin santimita guda da tsawon santimita guda.

Inda biyun suke karo

Mun ce feroksid yana aiki ta hanyar sakin iskar oksijen a cikin haƙori. To, ranar da aka gama haske iskar ba ta ficewa duka. Saura yakan maƙale a cikin ƙofofin ɓawo da jikin haƙori, yana fita kaɗan-kaɗan har kwanaki. Gam ɗin likita kuwa babu abin da yake hana shi daskarewa kamar oksijen. In an shafa shi a kan haƙorin da aka haskaka jiya ko shekaranjiya, samansa zai yi tauri, amma gefen da ke manne da ɓawo ba zai nuna sosai ba. Saiwoyin nan za su fito gajeru, kaɗan, masu rauni. A ido maɓalli ya zauna daram, a ƙasa kuwa kamar yaɓen da aka yi wa bangon da bai sha iska ba.

Masu bincike na jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Titley da Torneck da abokan aikinsu, suna cikin waɗanda suka fara auna wannan. A 1988 sun gwada a kan haƙoran shanu, suka ga gam ba ya kama wanda aka jiƙa da feroksid kamar yadda yake kama wanda ba a taɓa ba. Daga baya aka maimaita gwajin da haƙoran mutane da maɓallan waya a ƙasashe da dama. Mafi yawan sakamakon ya tafi a kan abu guda: riƙo yana raguwa in an yi liƙi nan da nan bayan haske, raguwar kuma ta fi tsanani da magani mai ƙarfi.

Abin farin ciki shi ne raunin ba na har abada ba ne. In aka bar haƙori cikin miyau yana hutawa, iskar takan ƙare, riƙo ya dawo yadda yake. Tsawon jiran da bincike ya nuna yana tsakanin sati 1 da sati 3, likitoci da yawa kuma sukan ce a ba shi aƙalla sati 2. In akwai larurar gaggawa, likita yana da wani magani da ake samu daga bitamin C, mai kashi 10 cikin 100, wanda yake shafawa ya tsotse sauran iskar kafin liƙi. Kada wani ya ji an ambaci bitamin C ya ce zai matsa lemun tsami a gida. Na likita an kashe masa tsami, lemu kuwa da tsaminsa yake zuwa, yana cin ɓawo.

Wannan doka ba ta masu waya kaɗai ba ce. Farin cikon da ake toshe kogon haƙori da shi, ko ake gyara haƙorin gaba da ya ɓantare, da irin wannan gam ake liƙa shi. Masu zuwa ciko a cikinmu sun fi masu zuwa waya yawa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya yi haske, ya jira sati 2 kafin a yi masa farin ciko, sai fa in ciwo ya matsa, sa'an nan ya gaya wa likita.

Haƙorin da fuluwor ya taɓa

Mai tabon fuluwor yana da wahala biyu. Ta farko, fuskar ɓawonsa takan yi wa asid ɗin likita gardama, ramukan ba su fitowa da kyau. Ta biyu, in tabon ya yi tsanani, ƙarƙashin fuskar nan akwai rauni, ɓawon yakan yi rami-rami har ya riƙa ɓarewa. Saboda haka liƙi a kan irin wannan haƙori ya fi wuya tun kafin a kawo maganar haske. In aka ƙara da feroksid kwana biyu kafin liƙi, an haɗa rauni a kan rauni.

Amma akwai mafita. Likitan da ya ga haƙorin da idonsa yana iya ƙara lokacin asid, ko ya goge fuskar ɓawon kaɗan, ko ya sa wa turame zobe maimakon maɓalli. Game da launi kuma, tabo marar zurfi yakan ragu da wata gogayya ta musamman da likita ke yi, wadda ke cire ɗan siririn sama, sa'an nan a biyo da haske. Mai zurfi kuwa sai an rufe fuskar haƙorin da farin ciko ko kwanso. Duk waɗannan a jere ake yin su, likita ne kuma zai tsara wanda zai riga wani.

Dabarun gida

Mun san abin da ake yi a ɗakuna kafin buki. Wata takan daka gawayi, wata toka, wata kanwa, wata ta haɗa da lemun tsami ta yi ta dirza. Gawayi da toka da kanwa ba su kashe launin ciki, kankara kawai suke yi. Za su cire tabon goro, amma in an dage da su har ɓawo suke ci. Lemun tsami kuma yakan tausasa ɓawo, in aka bi shi da dirza sai ya zaizaye. Kwana biyu na fari a ga haske. Bayan watanni ɓawo ya yi siriri, launin ɗorawa na ciki ya fara lekowa, haƙori ya fi da ja, ruwan randa ma ya gagara sha. Garin neman gira an rasa ido. Ranar da za a liƙa maɓalli ko ciko kuma, sai a tarar ginshiƙin da gam zai kama ya ragu.

Abin da asarar take nufi

Mu ɗauka wani magidanci ne a Gabi, ƴarsa haƙoranta sun hau juna har tana jin kunyar magana a aji. Ya sayar da buhunan wake da rago, ya tara kuɗin waya. Likitocin miƙar da haƙora ba su da yawa, sai a manyan birane, kamar Yamai, ko Kano inda asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen haƙori. Ana saura kwana uku tafiya, ƙawarta ta ba ta wani ruwan haske, ta ce gara ta je da baki fari. Ta yi amfani da shi, ba ta gaya wa kowa ba. Aka liƙa maɓallai, suka dawo gida. Sati bai cika ba ɗaya ya saki, ya rataye a jikin waya, yana yankar leɓe. Haƙorin da maɓallinsa ya saki ya daina tafiya, yana iya ma komawa inda ya fito. Sai sabon kuɗin mota, sabon kuɗin liƙi, kwanakin aikin gona ko na makaranta sun tafi, wa'adin cire waya ya ƙara nisa. Kowane sake liƙi kuma sai an kankare tsohon gam an sake shafa asid, ɓawon da ba ya tsirowa yana ƙara raguwa. Kalma guda da za ta faɗa wa likita da ta raba su da wannan duka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shawarwarinmu

1. Mai niyyar waya da haske, ya fara da waya. Hasken da aka yi kafin aikin shekara biyu zai dusashe kafin a gama, kuɗi sun tafi a banza.

2. Wanda ya riga ya yi haske, ko a wurin likita ko da abin kasuwa, ya faɗa wa likita irin abin da ya sa da ranar da ya daina. In kwalbar tana nan ya tafi da ita. Ya yarda da jiran sati 2 zuwa 3.

3. Kada a sa maganin haske ana da waya a baki, sai da umarnin likitan da ya ɗaura ta. Launi yana iya fitowa ba daidai ba, in kuma wani maɓalli ya saki, sake liƙa shi zai yi wuya.

4. Bayan cire waya, a bari likita ya share sauran gam, ya liƙa ƴar wayar tsaro ta bayan haƙora in akwai bukata, dasashi ya huce, kana a yi maganar haske.

5. Mai waya ya haƙura da rake, da busasshiyar aya, da goruba, da ƙuli-ƙuli, da tauna ƙashi. Goro da kilishi a yayyanka su ƙanana. Ba a buɗe kwalba da haƙori.

6. A goge baki safe da dare, a bi gefen kowane maɓalli. Sauran tuwo da sukari in sun kwana a wurin sukan bar farin tabo, wanda shi ne farkon kogo. Asuwaki yana da amfani, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya kamar burushi mai laushi.

7. Kada a bar wanda ba likita ba ya ɗaura wa yaro waya don ado. Wayar da ba a auna ba tana iya girgiza haƙori mai lafiya.

8. Kada mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba ya sha kafson kasuwa. A je asibiti.

A koma ga rijiya

Duk abin da muka faɗa gyara ne bayan ɓarna. Haƙorin da zai fito fari da ƙarfi, tun a goye ake gina shi, da ruwan da yaro yake sha. Fuluwor ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano. Tafasa ruwa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa kauri. Ƙyallen tatar da ya taimake mu a yaƙi da kurkunu, har aka tabbatar a 2013 cewa cutar ta ƙare a Nijar, shi ma ba ya kama shi. Awo kaɗai ke nuna shi. Ba kowace rijiya mai zurfi ke da shi ba, kada kuma tsoronsa ya mayar da mu ga ruwan tafki ko na gulbi, wanda ke ɗauke da nasa cututtukan.

Abin da ya dace shi ne, duk garin da aka haƙa wa sabon fanfo, mai gari da kwamitin ruwa su tambayi ma'aikatan ruwa ko an auna fuluwor, su kuma nemi a nuna musu takardar. Iyaye mata da malaman makaranta su riƙa duba bakin yara masu shekara 6 zuwa 8. In aka ga da yawa a unguwa guda sabbin haƙoransu suna fitowa da farin tabo kamar alli ko ɗigon ja, a kai magana asibitin gunduma a Madarunfa ba tare da jinkiri ba. Man goge baki mai fuluwor yana da kyau, yana hana kogo; a sa wa ƙaramin yaro kamar ƙwayar shinkafa, wanda ya kai shekara 3 kamar ƙwayar wake, a koya masa tofarwa.

Wanda Allah ya ba haƙora masu lafiya, ko da ba su kai madara fari ba, ya riƙe su da kyau. Wanda kuma yake da bukatar gyara, ya bi ta hannun masana, ya yi haƙuri da jerin aikin. Sauri ya haifi nawa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.